Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Dokokin Jihar Arewa (1947-1954)

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da yake fara zuwa a zukatan jama'a shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda ƙasar ta sami mulkin kai a hannunsa ranar 1 ga Oktoba 1960, aka kuma kashe shi a juyin mulkin watan Janairu 1966. Ɗaliban adabin Hausa kuwa sun fi saninsa ta hanyar littafinsa Shaihu Umar. Tsakanin marubucin 1934 da Firayim Ministan 1957 akwai wani zango da ba a faye tsayawa a kansa ba, wato shekarun da ya yi yana wakiltar Bauci a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. A wannan majalisa ne ya fara siyasa, a nan ne kuma aka fara sanin inda ra'ayinsa ya dosa.

Wannan maƙala za ta duba rayuwarsa da aikinsa a waɗannan shekaru. Za a fi mai da hankali a kan ƙudurin da ya gabatar a watan Agusta 1950, inda ya nemi a binciki mulkin En'e a yi masa gyara, duk kuwa da cewa ita En'en ce ta tura shi majalisar. Ya kamata ɗalibi ya lura tun da farko cewa kalmar "jiha" a Hausar wancan zamani tana nufin ɗaya daga cikin manyan yankuna uku na Nijeriya: Jihar Arewa da Jihar Yamma da Jihar Gabas. Sai daga 1967, da aka kasa ƙasar gida 12, kalmar ta ɗauki ma'anar da aka san ta da ita yanzu.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin Lardin Bauci. Sunan garin ya samo asali ne daga kalmomin Fulatanci guda biyu masu ma'anar "dutse" da "baƙi". Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bagere ne, yana aiki a ƙarƙashin hakimin gundumar Lere. Mahaifiyarsa kuma sunanta Fatima Inna. Wannan asali yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da zai biyo baya, domin Abubakar ba ɗan sarauta ba ne. Ya tashi yana ganin gidan hakimi ta ƙofar barori, ya san yadda ake tara haraji, ya kuma san wanda yake ji a jika idan an zo tarawa.

Ya yi karatun allo da na elimantare a garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi ta Bauci. A 1928 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1933. Wannan kwaleji ita ce ta yaye akasarin mutanen da suka riƙe ragamar Arewa daga baya. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, duk ya tarar da su a can. Kwalejin ta yi suna wajen koyar da Ingilishi da lafazi mai tsabta, abin da ya sa daga baya ake yi wa Abubakar kirari da mai muryar zinariya.

Da ya gama sai ya koma Makarantar Midil ta Bauci yana koyarwa, har ya kai matsayin hedimasta. A farkon aikinsa ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Littafin yana ba da labarin yaron da aka sace aka sayar, da uwar da ta bi sawunsa har hamada. Tun a nan ana iya ganin damuwar marubucin da halin mutumin da ba shi da gata.

A farkon shekarun 1940 Bauci ta zama matattarar 'yan boko masu tambaya. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ɗin da Abubakar yake, Malam Sa'adu Zungur kuma ya dawo gida daga Zariya. An kafa wata ƙungiyar tattaunawa a garin a 1943, inda malamai da ma'aikatan En'e, har da wasu Turawan mulki, suke haɗuwa su yi muhawara. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe ta, saboda tambayoyin sun fara taɓa sarauta kai tsaye. A 1945 aka tura Abubakar Ingila tare da wasu malaman Arewa, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya dawo a 1946 ya kama aikin kula da makarantun En'en Bauci.

3.0 Mulkin En'e

Kafin a shiga maganar majalisa, wajibi ne a san tsarin da Abubakar ya nemi a gyara. Kalmar "En'e" Hausantar da haruffa biyu ne na Ingilishi da suke nufin hukumar gargajiya. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya bar tsarin sarauta, ya riƙa mulkar talakawa ta hannun sarakuna. An kasa Arewa lardi-lardi, kowane lardi da Razdan, a ƙarƙashinsa kuma akwai Di'o. A ɓangaren gargajiya, umurni yana sauka daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. En'e tana da baitulmalinta, da kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari. Ita take tara haraji da jangali, ita take gudanar da makarantun elimantare da ɗakunan shan magani da kasuwanni.

A manyan masarautu doka ta ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin En'e. Yana da 'yan majalisa, amma shawara kawai suke bayarwa, in ya ga dama ya ɗauka, in ya ga dama ya bari. Wuƙa da nama suna hannunsa, muddin Razdan bai hana ba. Kafin zuwan Turawa, sarki yana tsoron masu zaɓen sarki da manyan bayi da malamai da Sarkin Musulmi, domin kowannensu yana iya jawo masa tsigewa ko tawaye. Da Turawa suka tsaya masa, wannan tsoro ya ragu ƙwarai. Talaka kuwa, in an zalunce shi, wurin da zai kai ƙara shi ne wurin da zaluncin ya fito. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, ta hannun hakimai da dagatai aka kwashi dubban mutane zuwa aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da ya ƙara wa talakawa ƙyamar tsarin.

A ƙasar Hausa da ta faɗa hannun Faransa abin ya sha bamban. Faransawa sun rage ƙarfin manyan sarakuna, suka mai da sarakunan kanto 'yan aiken kwamanda. A Damagaram ma sun tuɓe sarki a 1906, ba su mai da sarautar ba sai a 1923. Saboda haka matsalar da 'yan bokon Nijar suka fuskanta ita ce kwamanda da aikin tilas, wanda majalisar Faransa ta soke a 1946. 'Yan bokon Arewacin Nijeriya kuwa, sarki ne a gabansu, Bature yana bayansa.

4.0 Shigarsa Majalisa

Tun daga 1922 akwai Majalisar Dokoki a Legas, amma ba ta yi wa Arewa doka. Gwamna shi kaɗai yake sa hannu a kan dokokin lardunan Arewa. Tsarin mulkin Gwamna Arthur Richards, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947, shi ne ya sauya wannan. Ya kafa majalisa a kowace jiha, a Arewa kuma ya kafa biyu: Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki.

Majalisar Dokokin ta farko ba ta zaɓen jama'a ba ce. Kusan rabin kujerunta na Turawan mulki ne, wato Razdan-Razdan da shugabannin ma'aikatu. Daga cikin 'yan ƙasa, 14 En'o'in larduna ne suke fitar da su, saura kuma Gwamna ne yake naɗawa. Ikonta ma kaɗan ne. Tana duba kasafin kuɗin jiha da dokokin da ake shirin yi, ta ba da shawara, sannan ta zaɓi mutum biyar daga cikinta su tafi majalisar ƙasa, su haɗu da sarakuna huɗu daga Majalisar Sarakuna. Ana muhawara da Ingilishi da Hausa, tafintoci suna juyawa. Wannan ya sa majalisar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka zama maƙerar kalmomin siyasa na Hausa, irin su "ƙuduri" da "wakili" da "ƙuri'a" da "tsarin mulki".

En'en Bauci ta zaɓi Malam Abubakar a 1946, ya zauna a majalisar tun zamanta na farko a 1947. Takwarorinsa kuma suka sa shi cikin mutum biyar da suka wakilci Arewa a majalisar ƙasa. Yawancin abokan zamansa a Kaduna hakimai ne da waziri-waziri da ma'aji-ma'aji, mutanen da cinsu da shansu yake hannun sarakuna. Shi kansa ma'aikacin En'e ne. A irin wannan zama, abin da aka saba ji shi ne godiya ga Gwamna da roƙon rijiya ko gada ga lardin mai magana. Malam Abubakar ya fita daban saboda yana karanta takardun kasafi, yana tambaya a kan ilimi da horar da 'yan Arewa aikin gwamnati, yana kuma magana a natse ba tare da ɗaga murya ba.

5.0 Ƙudurin Agusta 1950

A zaman majalisa na watan Agusta 1950 ya tashi ya gabatar da ƙuduri, yana roƙon Gwamna ya naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e a lardunan Arewa, ta kawo shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani, a kuma bai wa jama'a damar tofa albarkacin bakinsu kafin a zartar da kome. Jawabin da ya yi wajen kare ƙudurin shi ne mafi muhimmanci a duk rayuwarsa ta majalisar jiha. Ana iya taƙaita manufofinsa kamar haka.

Na farko, ya nemi a soke tsarin da ya ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin hukuma. Hujjarsa ita ce wannan tsari bai dace da al'adar ƙasar ba, bai kuma dace da koyarwar Musulunci a kan shawara ba. Dabarar da ke cikin wannan hujja a fili take. Da ya kafa maganarsa a kan dimokuraɗiyyar Turai, da nan take an ce ɗan boko ne ya dawo daga Ingila yana son rushe gargajiya. Da ya kafa ta a kan gargajiyar kanta, sai ya zamana yana neman a mai da abin da aka karkatar ne kan hanyarsa.

Na biyu, ya yi magana a kan cin hanci da rashawa, ya ce sun ratsa ma'aikatun En'e daga sama har ƙasa. Ya taɓo al'adar kai gaisuwa, wadda take sa ƙaramin ma'aikaci ya tatsi talaka domin ya faranta wa na gaba da shi. Kowa a zauren ya san haka abin yake, amma ba a taɓa faɗinsa a gaban Razdan-Razdan da wakilan sarakuna a rubuta a kundin majalisa ba.

Na uku, ya nuna cewa talaka ba shi da wuri a cikin tsarin. An fayyace ikon sarki, an fayyace na hakimi, amma ba wanda ya gaya wa manomi haƙƙinsa ko inda zai kai kuka. Saboda haka ya nemi a kafa majalisun ƙauye da na gunduma masu aiki na gaske, a kuma wayar da kan jama'a su san abin da yake nasu da abin da yake kansu.

Na huɗu, ya nemi a tsara aikin ma'aikatan En'e, a riƙa ɗauka da ƙarin girma bisa cancanta, a kuma sa ido a kan baitulmali da kotuna. Bai ƙyale Turawa ba. Ya nuna cewa matsayin Di'o da Razdan a cikin tsarin ba a fayyace yake ba, domin suna kiran kansu masu ba da shawara alhali kowa ya san maganarsu ita ce ta ƙarshe.

Daga ƙarshe ya ja hankalin sarakuna cewa zamani ya juya, kuma gyaran da suka yarda da shi da kansu shi zai tsare musu martabarsu. Wannan ita ce zuciyar ra'ayinsa: sarauta ta zauna, amma a ɗaure ta da majalisa da doka. Ƙudurin ya wuce da ƙaramin rinjaye. Sarakuna da dama ba su ji daɗinsa ba, wasu Turawan mulki ma sun ɗauke shi a matsayin rashin kunya daga yaron da En'e ta rena.

5.1 Abin da Ya Biyo Baya

Gwamnati ba ta kafa hukuma mai zaman kanta kamar yadda ya nema ba. Sai ta ɗora wa jami'anta biyu, K. P. Maddocks da D. A. Pott, su zagaya larduna su rubuto rahoto. Bayan haka aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun Arewa biyu a 1951 ya duba rahoton. A 1952 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen zaman sarki shi kaɗai a matsayin En'e. A madadinsa aka fito da tsari iri biyu. A na farko, wato "Sarki a cikin Majalisa", dole sarki ya shawarci majalisarsa, kuma idan ya saɓa wa ra'ayin mafi yawansu sai ya sanar da Gwamna. A na biyu, wato "Sarki da Majalisa", ba shi da ikon saɓa wa rinjaye. Manyan masarautu na farkon suka bi. Dokar En'e ta 1954 ta tattara waɗannan sauye-sauye wuri guda, ta kuma buɗe ƙofar shigar da zaɓaɓɓun wakilai majalisun En'e da na gundumomi.

A wannan tsakani ne kuma aka ƙaddamar da shirin Yaƙi da Jahilci domin koya wa manya karatu da rubutu, aka kuma faɗaɗa makarantar horar da ma'aikatan En'e ta Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki a 1954. Sarakunan da aka samu da almundahana ko taurin kai sun fara rasa karagarsu. Lamiɗon Adamawa Ahmadu ya sauka a 1953, bayan shekara goma kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 sakamakon binciken kuɗin En'en Kano. A wannan lokaci ikon sa ido a kan sarakuna ya riga ya koma hannun ministocin Kaduna.

6.0 Matsayinsa a kan Haɗin Kan Nijeriya

Batu na biyu da ya mamaye shekarun majalisarsa shi ne dangantakar Arewa da Kudu. A jawabansa na 1947 da 1948 a majalisar ƙasa, Malam Abubakar ya nuna shakku ƙarara game da zaman Nijeriya ƙasa ɗaya. A ganinsa haɗewar 1914 a takarda kawai take, Turawa ne suka ƙulla ta, mutanen da aka haɗa kuwa sun bambanta a addini da al'ada da tarihi. Tushen wannan ra'ayi shi ne tazarar ilimin boko. Akawu-akawu da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya a garuruwan Arewa akasarinsu 'yan Kudu ne, yana kuma tsoron in Turawa suka tafi da wuri, Arewa za ta fita daga hannun wani ta faɗa hannun wani.

A babban taron Ibadan na watan Janairu 1950, inda aka tattauna sabon tsarin mulki, yana cikin manyan masu magana da yawun Arewa. Wakilan Arewa sun tsaya a kan lallai a ba su rabin kujerun majalisar ƙasa saboda yawan jama'arsu, har Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka ce in ba haka ba gara a koma yadda ake kafin 1914. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya biya musu bukata: daga cikin zaɓaɓɓun wakilai 136, Arewa ta sami 68, Gabas 34, Yamma 34. Tsarin ya kuma ba majalisun jihohi ikon yin doka, ya ƙara yawan zaɓaɓɓun 'yan Majalisar Dokokin Arewa zuwa 90.

Malam Abubakar ya sake samun kujerarsa a zaɓen 1951. A watan Oktoba na shekarar ne Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC, shi da Sardauna suna cikin jagororinta. Daga majalisar Kaduna aka tura shi ta Legas, ya zama Ministan Ayyuka na ƙasa a 1952. A watan Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a sauya shekarar da kalmomin da suke nufin "da zarar an ga ya yiwu". An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano. Majalisun Arewa biyu suka amince da wasu bukatu takwas, waɗanda da an bi su, da ba abin da zai haɗa jihohi sai 'yar ƙaramar hukumar kula da tsaro da kwastan da harkokin waje. Tsarin mulkin tarayya na 1954 shi ya kashe wannan wuta. Ya kuma raba kujerar jiha da ta tarayya, saboda haka Sardauna ya zauna Kaduna ya zama Firimiya, Malam Abubakar kuma ya bar majalisar jiha ya tsaya a Legas.

Ra'ayinsa a kan haɗin kai ya sauya bayan haka. A 1955, yana Ministan Sufuri, ya je Amurka domin ganin yadda ake zirga-zirgar jiragen ruwa a manyan kogunanta. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma ɗaya ya sa ya dawo yana cewa Nijeriya ma za ta iya. Mutumin da ya yi shakkar ƙasar a 1947 shi ne ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a 1957.

7.0 Tsakaninsa da 'Yan Sawaba

A watan da Malam Abubakar ya gabatar da ƙudurinsa, ranar 8 ga Agusta 1950, wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen shekarar, daga baya ya zama shugabanta. Abokan muhawarar Bauci sun yarda a kan cutar, sun rabu a kan maganin. 'Yan NEPU suna ganin al'umma ta kasu biyu, masu sarauta da talakawa, kuma ba yadda za a yi mai cin moriyar tsari ya gyara shi. Kalmar "sawaba" ita ce takensu, kalmar da jam'iyyar Djibo Bakary ta Nijar ita ma ta ɗauka a shekarun 1950. Malam Abubakar kuwa yana ganin En'e ita kaɗai ce hukumar da take isa kowane ƙauye, rushe ta kafin a sami madadi zai jefa Arewa cikin ruɗu a daidai lokacin da take takara da Kudu.

Kowane ɓangare yana da abin da tarihi ya gaskata masa. Hanyar Malam Abubakar ta haifar da doka cikin shekara biyu, abin da hamayya daga waje ba ta samu ba. Amma gyaran yana da iyaka. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, En'e kuma tana da damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma ba ta sami kujera ko ɗaya a majalisa ba. Kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari sun ci gaba da zama a hannun En'e, an kuma yi amfani da su wajen ɗaure 'yan hamayya har ƙarshen Jamhuriya ta Farko. Jam'iyyar NPC ta dogara da hakimai da dagatai wajen tara ƙuri'a, saboda haka ba ta da sha'awar ci gaba da yanke reshen da take zaune a kai. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a a zamaninsa ba, sai a 1976. Masu sukarsa suna cewa da ya isa Legas ya bar maganar 1950 a Kaduna. Masu kare shi kuma suna nuna cewa a tsarin tarayya sha'anin En'e na gwamnatin jiha ne, ba na Firayim Minista ba.

Sauran aikin sojoji ne suka ƙarasa shi. Bayan 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kafa ƙananan hukumomi 301 a duk ƙasar, ya mai da sarakuna masu ba da shawara.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bi rayuwar Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidan baran hakimi zuwa Kwalejin Katsina, daga ajin Midil ta Bauci zuwa zauren majalisar Kaduna. An ga cewa majalisar da ya shiga a 1947 ba ta da ikon yin doka, wakilanta kuma ba jama'a ne suka zaɓe su ba. Duk da haka ya yi amfani da 'yar damar da take akwai, wato ikon gabatar da ƙuduri, ya buɗe maganar da aka daɗe ana yi a zaure da bayan fage. Dokokin 1952 da 1954 daga wannan ƙuduri suka samo tushe, haka kuma duk gyare-gyaren da suka biyo baya har zuwa 1976 a kan turbar da ya share suka bi, ko da yake sun wuce inda shi ya yi niyyar tsayawa. An kuma ga yadda matsayinsa a kan Nijeriya ya tashi daga shakku zuwa amincewa cikin shekara goma. An binne shi a Bauci a watan Janairu 1966. Tambayar da ta raba shi da Malam Aminu Kano, wato ko ana iya gyara tsari daga cikinsa, har yanzu masana tarihin siyasar ƙasar Hausa suna muhawara a kanta.